Mudun Fada

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, shekara ta zo wa wani sarki da wuya. Fari ya cinye amfanin gona, talakawa suka ci har irin da suka ajiye. Da hadari ya fara haɗuwa, sarki ya sa aka sayo gero a kasuwa, aka raba wa manoma. Suka shuka, ruwa ya sauka, gonaki suka zauna tsirara, tsiro nan ɗaya, can ɗaya. Da aka zazzage ragowar buhunan, sai ga yashi, ga ƙaiƙayi, ga geron da ya jiƙa ya ruɓe a cikinsa.

Sarki ya kira Sarkin Kasuwa, wani dattijo mai suna Jatau. A gaban fadawa ya ce masa ya kawo wanda ya fara wannan algus kafin kasuwa ta sake ci, a yanke masa hannu. In bai kawo kowa ba, hannunsa ne zai biya.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya ji. Bai ji tsoro ba, bai ji haushi ba. Ya tsufa a kasuwar nan, ya daɗe da daina mamakin abin da mutum zai zuba wa ɗan'uwansa a buhu.

Ya fara da Bagudu mai awo, wanda aka sayi geron a rumfarsa. Bagudu bai yi musu ba. Ya ce ƙaiƙayi kaɗai ya ƙara, don masu saye kowa sai ya ɗebi cikin tafi da sunan dubawa, ya sake shi cikin hannun riga. Ga kuma geron Tabawa dillaliya, wanda kan zo a kumbure, in ya sha iska ya koma baya.

Tabawa tana tsinke goro ya same ta. Ta ce lalle tana yayyafa ruwa, don mutanen ƙauye yashi suke shimfiɗa mata a ƙasan ƙwarya.

"Baba Jatau," in ji ta, "in hannuwa sarki yake so, ka ce ya fara gina musu rumbu. Kasuwar nan kaf ba mai komawa gida da biyu."

Jatau bai yi dariya ba. Ya hau jaki ya nufi ƙauye, wurin wani manomi Nomau. Ya tarar da shi zaune a bakin gonar da ba ta fito ba. Nomau ya ce eh, ya zuba yashi, kuma daga fada ya koya. Kowace kaka yakan auna rabon sarki da mudun gidansa, ya cika har ya yi tozo, in ya kai ƙofar fada a juye a mudun sarki a ce bai kai ba. Abin da aka ƙwace masa a can, shi yake cikewa da yashin rafi in zai kai kasuwa.

Jatau ya komo ya wuce gidan Waziri Gwadabe, ya gaya masa komai yadda ya ji shi. Waziri ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce in Jatau ya faɗi wannan magana da bakinsa a fada, ba hannu zai rasa ba, kai ne. Ya ce masa ya yi shiru ranar kasuwa, ya bar masa sauran. Jatau ya ce to. Ya je gida ya ci tuwo da hannunsa na dama, ya wanke shi, ya kwanta.

Al'adar ƙasar ita ce, duk sarkin da aka naɗa sai a sassaƙa masa sabon mudu na karɓar hatsi. Abin kunya ne mudun ɗa ya gaza na ubansa, don haka kowane masassaƙi, saboda tsoron kuskure, yakan ɗan ƙara masa ciki. Tsofaffin kuwa ana ajiye su a ɗakin kayan gado, ba mai taɓawa.

Ranar kasuwa fada ta cika. Hauni, mai zartar da hukunci, yana tsaye da takobinsa. Sarki ya tambayi Jatau ina mai laifi, Jatau ya sunkuyar da kai. Sai Waziri ya nemi izini, ya ce kafin a zubar da jini ya kamata kakanni su halarta. Aka fito da mudayen sarakunan da suka shuɗe, aka jera su a kan buzu. Waziri ya ɗauki mafi tsufa ya sa a cikin na bayansa, ya shige. Ya ɗauki waɗannan ya sa a na gaba, suka shige. Haka ya yi ta yi har duk suka zauna a cikin mudun sarki mai ci, da sauran wuri.

Sannan ya sa aka cika mudun kasuwa da gero, aka juye a na sarki. Geron ya kwanta can ƙasa.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Waziri, "wannan wurin da ya rage, talaka ne ke cike shi. Yana cikewa da abin da ya samu, wanda ya saya a hannunsa shi ma ya cike nasa. Haka ya zagayo har gonakin da ba su tsiro ba."

Sarki ya daɗe yana duban mudun. Daga baya ya tambaya, to hannun wa za a yanke?

"Masassaƙan sun mutu, ranka ya daɗe, iyayenka ma sun riga mu. Itacen ne kawai ya rage."

Sarki ya sa hauni ya ajiye takobi ya ɗauko gatari, aka faskara mudun a tsakar fada. Ya yi umurni cewa daga ranar mudun kakansa na farko shi ne ma'auni a fada da kasuwa, wanda aka kama da wani mudu ya bar ƙasar. Ya sa aka buɗe rumbunan fada don a sake ba da iri. Bagudu da Tabawa da Nomau, da duk mai rumfa a layin hatsi, aka ba su rariya da faifai, su tankaɗe su sheƙe, ba lada.

Jatau aka sa ya auna wa mutane. Damina ta riga ta yi nisa, kowa ya san abin da za a girbe ba zai kai kaka mai zuwa ba. Suka yi layi, yana cikawa yana juyewa.

Wata tsohuwa ta iso gabansa. Kafin ya ɗiba ta miƙa hannu ta karɓi mudun, ta kifa shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa da ɗan yatsa tana saurare, ta leƙa cikinsa da kyau. Dogari ya ɗaga bulala, Jatau ya hana shi. Ya jira har ta gama. Ta mayar masa, ta buɗe bakin zanenta, ya auna mata.