Ranar da Za a Sayar da Kududdufi

A ƙaramar hukumar Tsaunin Gawo an yi wani ciyaman, sunansa Alhaji Ilu Barau. Mutum ne mai son aiki, ba zan yi masa ƙarya ba, amma yana da ciwo guda: idonsa ba ya son ganin fili a zaune. In ya wuce wuri ya ga babu gini a kai, sai ya riƙa waiwaye, har direba ya rage gudu ba tare da an ce masa ba.

Da ya hau kujera sai ya ƙudura aniyar sabunta Unguwar Magina, tsohuwar unguwar da aka haife shi, wadda ya bari tun da Allah ya ɗaukaka shi ya koma sabon gari. Za a buɗe lunguna, a shimfiɗa titi, a jera gidajen bulo. A tsakiyar unguwar kuwa akwai wani ƙaton kududdufi. Masu awo suka zo da bazara, lokacin da ruwan ya janye ya bar ɗan taɓo a gindi, suka leƙa, suka ce ai wannan asarar wuri ce. Aka zana taswira, aka yanka kududdufin fuloti-fuloti, aka sami mai saye, wani ɗan kwangila Alhaji Buba mai tifofi, wanda zai cike ramin ya yi gidaje a kai. Da kuɗin za a yi titi. Abin da ya rage kawai ciyaman ya sa hannu.

Ranar sa hannu Alhaji Buba ya iso cikin babbar riga mai sitaci, aka zaunar da shi a ofis, aka kawo masa lemo. Ana haka aka kira azahar. Ciyaman ya ce bari ya yi salla tukuna, ya ɗauki buta ya zagaya bayan ofis inda famfo yake. Ya tsuguna ke nan sai ya ji sallama daga ƙasa. Ya duba, sai ga wani tsohon kwaɗo, duk jikinsa ƙura, yana haki.

Kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne babban kwaɗin Unguwar Magina. Na sha hanya kafin in iso, don ka san mu ba ma hawa acaɓa."

Ciyaman ya ce, "Ikon Allah. To, in fuloti kake so, sai ka bi ta hannun kansilanku."

Kwaɗo ya ce, "Fuloti kam ina da shi, shi za ka sayar yau. Ban zo roƙo ba. Tsoro nake ji kada abin da ya sami Madugu Jatau da gishirinsa ya same ka."

Shi kuwa ciyaman, duk gaggawarsa, ba ya iya wuce labari. Ya ajiye buta ya ce, "Me ya sami Madugu Jatau?"

Kwaɗo ya gyara zama, ya kumbura maƙogwaro, ya fara:

A zamanin da ake fatauci da jakuna, an yi wani madugu mai suna Jatau, sana'arsa gishiri. Da arziki ya zauna masa sai ya sayi gida a wani gari da ke kan gangare. A garin nan al'ada ce ruwan sama na gidan da ke tudu ya bi ta rariya ya shiga gidan da ke ƙasa, ya ratsa tsakar gidan, ya fita ta wata rariyar, haka har ya kai kududdufi. Ba wanda ya taɓa zama aka yi yarjejeniya a kai, ba kuma wanda ya taɓa musu. Kowa yana karɓar ruwan na sama da shi, ya miƙa wa na ƙasa.

Gidan da ke saman na Madugu na wata tsohuwa ne mai daddawa, ana ce mata Iya Tabawa. Madugu ya zaga sabon gidansa da rani, ya ga wani tsiri daga bangon Iya har zuwa bangon baya, fili fes, ko turmi ba a ajiye ba. Ya ce, "Tsohon mai gidan nan wawa ne, ya bar wuri mafi kyau a banza. Nan zan gina ɗakin gishiri." Ya kira magina, ya ce su fara da toshe rariyar Iya.

Iya Tabawa ta ji ana buga mata bango, ta jawo mayafi ta zagayo. Bayan gaisuwa ta ce, "Madugu, ɗan nan, wannan tsirin hanyar ruwa ce."

Madugu ya ce, "Iya, wane ruwa? Tun da na tare ko ɗigo ban gani ba."

Ta ce, "Haka 'yar gafiya ta ce da aka tambaye ta ƙofar baya."

Ya ce, "Wace 'yar gafiya kuma?"

Iya ta jawo tubali ɗaya daga cikin na magina, ta zauna a kai, ta ce:

Wata tsohuwar gafiya ta mutu ta bar wa 'yarta rami a gindin tsamiya. Ramin na da ƙofar gaba, da ɗaki, sannan da wani dogon lungu da ya tafi can baya ya ɓulla cikin ciyawa. Wasiyyar tsohuwar guda ce: kada a ajiye komai a lungun nan.

Ba a daɗe ba kurege ya zo ta'aziyya. Ya yi addu'a a gurguje, idonsa na yawo, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Wannan lungun fa, me ake sawa a ciki?"

'Yar gafiya ta ce, "Ba komai."

Kurege ya dafe ƙirji ya ce, "Ba komai, a wannan zamani da wuri ke wuya? Ba ni aron rabi in zuba gyaɗata, ki riƙa ɗiba kina ci." Ta yi tunani, ta ga tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin kowa ya bi lungun ba, sai ta yarda. Ɓera ya ji labari, ya zo ya karɓi sauran rabin ya cika da dawa. Bushiya ta ga bakin ramin na baya da inuwa, ta toshe shi da ganye ta yi wurin barci. 'Yar gafiya ta yi ƙiba, tana ta mamakin rashin dabarar uwarta.

Da kaka sai ga mafarauta da karnuka. Suka tara kara a ƙofar gaba, suka cinna wuta, suka riƙa fifita hayaƙi ciki. Ta ruga lungun baya, ta tarar da gyaɗa har rufi. Kurege kuwa yana kan tsamiya yana kallo, don shi dama bai taɓa kwana inda yake ajiya ba. Ba ta da wurin zubar da gyaɗar, sai ta riƙa cusa ta a kumatu tana kutsawa, ta ratsa dawa, ta ture bushiya, ta fita da ƙyar, toka mai zafi ta riga ta cinye mata rabin wutsiya. Shi ya sa har yau in ka kama gafiya za ka ga kumatunta kamar jaka, ƙarshen wutsiyarta kuma fari.

Iya Tabawa ta tashi ta kaɗe zaninta ta ce, "Madugu, lungun nan ba kullum ake binsa ba, amma ranar da za a bi shi ba a sallama."

Madugu ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Iya, ni ba gafiya ba ne, kuma ruwa ba ya yawo da karnuka." Aka toshe rariya da dutse da laka, aka gina ɗaki, aka jera gishiri a cikin tabarmi har sama.

Damina ta faɗi. Wata ranar kasuwa, Madugu na can yana ciniki, hadari ya haɗo aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya taru a gidan Iya Tabawa, ya je rariya ya tarar a rufe. Iya ta kwashe daddawarta ta ɗora a kan rumbu, ta zauna a bakin ƙofa tana kallo. Ruwan ya yi ta cin gindin bango a hankali, har bangon ya gaji ya kwanta a kan ɗakin gishiri. Da Madugu ya dawo, tabarmi kawai ya tarar suna iyo. Ƙasar gidan kuwa ta sha gishiri ta ƙoshi, har awakin garin suka mai da gidan wurin yini. Ko ya kore su ta ƙofa sai su shigo ta inda bango ya faɗi. Tun daga nan aka daina ce masa Madugu, aka koma ce masa Sarkin Awaki.

Kwaɗo ya numfasa ya ce, "Ranka ya daɗe, rariya ɗaya Madugu ya toshe. Kai kuwa wurin da duk rariyoyin unguwa suke zuba za ka cike."

Ciyaman ya yi murmushi ya ce, "Labarinka da daɗi, amma ni ba yaro ba ne. Gidanka kake karewa. Kududdufin nan wari yake, leda ta cika shi, sauro na nan kamar an yi gayya. Mutane na neman muhalli. Ga shi injiniya ya sa kwalbati a taswira."

Kwaɗo ya ce, "Wari kam akwai, ni da ke ciki na fi ka sani. Sauro kuma muna iyakar ƙoƙarinmu, cikinmu ne ƙarami. Amma kwalbati hanya ce, ranka ya daɗe. Ina za ta kai ruwan ya zauna? Ramin nan kakanninka suka haƙa, da ƙasarsa aka gina unguwar, don haka suka karkata kowane lungu ya gangaro gare shi. In ka ce gidana nake karewa, to ka kwantar da hankalinka. Mu mun riga mun sami sabon masauki."

Ciyaman ya ce, "A ina?"

Kwaɗo ya ce, "In aka cike rami, ruwa zai nemi wurin da ya fi kwari bayansa, mu kuma inda ruwa ya zauna nan muke tarewa. Na je na duba wurin da kaina. Gida ne mai zaure da shuɗiyar ƙofa, ga tsakar gida mai faɗi, ga bishiyar lemon tsami kusa da madafa. Iyalina sun yaba ƙwarai."

Murmushin ciyaman ya ɗauke. Ya ce, "Ai gidan Hajiyata ke nan."

Kwaɗo ya ce, "Shi ne."

Ciyaman ya ce, "To ai na je da kaina na gaya mata za a cike kududdufi. Allah ya taimaka kawai ta ce, ta ci gaba da tankaɗe."

Kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, kai fa ɗan fari ne. Tun da ta haife ka, ta taɓa kiran sunanka? Ta taɓa duban idonka ta ce yi kaza, bar kaza? Ina ƙarƙashin randa lokacin da ka zo. Kana fita ta aika aka sayo bulo, ta sa aka ɗora gadonta a kai. Buhun geronta yanzu yana kan tebur. Ta fara shirin ruwanka, ba za ta dai faɗa maka ba."

Ciyaman ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, tausayi kuma ya kama shi, har ya kasa duban kwaɗon. Ya tuna yana yaro, in aka fara ruwa, Hajiya ba ta kiransa. Sai dai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan yaron ya je ya zungure rariya." Shi kuwa ya ɗauki sanda ya fita da gudu, ya bi ruwan yana tsalle har bakin kududdufi. Ashe ya san hanyar ruwan nan da ƙafarsa, mota ce ta mantar da shi.

Ya ce, "Kwaɗo, na ji, na kuma karɓa. Ba za a cike ba. Za a yashe shi, a kewaye, a dasa itatuwa. Fulotai a yanka su a tudun gabas. Masu awo kuma su dawo da damina, su tsaya cikin ruwa su ga inda yake bi kafin su sake zana komai."

Kwaɗo ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Saura abu ɗaya. In unguwar za ka, ka rage mini hanya."

Ciyaman ya yi alwala, ya yi salla, ya shiga ofis ya gaya wa Alhaji Buba yadda aka yi. Alhaji Buba ya ɓata rai, amma da ya ji zancen tudun gabas, inda ba sai ya zuba ƙasa ba, sai ya shanye lemonsa ya ce dama shi tun farko ramin bai kwanta masa ba.

Da la'asar motar ciyaman ta tsaya a bakin kududdufi. Direba ya ga maigida ya buɗe buta wani abu ya yi tsalle ya faɗa taɓo, ya kau da kai bai tambaya ba. Daga nan ciyaman ya taka da ƙafa zuwa gida mai shuɗiyar ƙofa. Ya durƙusa ya gai da Hajiya, ta amsa tana kallon gefe. Bai yi dogon bayani ba. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a reshen lemon tsami, ya shiga ɗakinta, ya tarar da gadon a kan bulo kamar yadda aka faɗa masa. Ya sunkuya ya fara zare bulon ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon bango. Can ta ce, "A ce wa wancan yaron ya yi a hankali da bayansa."