Kyautar Ƙaryar Gwaggo Delu

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunne, yau sai kun yanke mini hukunci.

Da kuɗin ƙuli-ƙuli Gwaggo Delu ta sayi gonarta, shekara arba'in baya, lokacin wurin sai kukan kura. Gari ya yi ta faɗi har ya cim mata, kwalta ta bi ta gefenta. Ita kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce ko a yi aiki kafin damina ko ta makance. Ba mafita sai sayar da gona.

Dillali Ɗan'azumi ya zo yana raɗa: “Gwaggo, kin saya da araha, za ki sayar da tsada. Hukuma za ta yanki haraji a kan ribar. Ki ba wani naki kyauta a takarda, ya sayar ya miƙo miki.”

“Haraji? Suna ina nake suyar ƙuli, hayaƙi na cin idona? Ko anini!”

Kai, taurin kai! 'Ya'yanta uku suka hana ta, ta ce to ba ta sa sunan ko ɗayansu. Ta kira Sallau, ɗan ƙanenta, gaban mai unguwa ta ce ta ba shi halak malak. Ba a yi mako ba, Sallau ya murje ido ya ce kyauta kyauta ce. Mara kunya, wanda ta goya da zanenta! Magana sai gaban alƙali.

Barira, babbar 'yar, tun ranar kyautar ta ƙi fita daga gonar. Uwar ta ce ta fita, ta zage ta tas, ba ta motsa ba. Sallau ya turo masu awo, ta tare su da fartanya. Ta kafa bukka, ta zuba taki. Saboda ita alƙali ya ce Sallau bai taɓa karɓar gonar a hannunsa ba.

Mudi, na tsakiya, ya tafi ofishin haraji ba da saninta ba, ya faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Aka lissafa, ashe abin bai kai rabin yadda dillali ya kururuta ba, kuma ko Sallau ne ya sayar sai an biya. Gwaggo ta ce ya tona mata asiri, kwana bakwai ba ta amsa gaisuwarsa. Amma dā alƙali ya ce ba ya sauraron wadda ta shirya yaudara sai ta gyara, takardar Mudi ce ta sa ya saurare ta.

Talatu auta kuwa, da ta ji dillali ya ƙi ba da shaida, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa. Duk wanda ya zo ciniki ta ba shi labari. Uwar ta ce ta naɗe tabarmar ta dawo gida, ta ƙi. Rana ta tara, da ƙafarsa ya je kotu ya ce kyautar ta baki ce, shi ya kitsa ta.

Gona ta dawo, aka sayar. Gwaggo ta biya haraji tana tsaki, aka yi aiki, ido ya buɗe tar. Fili ɗaya ta ware ba ta sayar ba, mai rijiya da mangwaro.

Ta tara su ta ce, “Dukanku kun ƙi jin maganata, ja'irai. Wannan kyautar ta gaske ce, kuma ba na raba ta. Mutum ɗaya zan ba, wanda ƙin jin nasa ya fi cetona.”

To, ku da kuka baza kunne, wa za ta ba: Barira, Mudi, ko Talatu?