Faifai da Jakar Ƙwanta

An yi wata kifanya a can ƙasan teku, ana ce mata Faifai, don jikinta a baje yake, ga siririyar wutsiya. Ba ta da faɗa, amma in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Maƙwabciyarta Kunamar Teku kuwa siffarsu ɗaya, sai dai ita tana da tsinken dafi a wutsiya, shi ya sa ba ta ganin kowa da gashi.

Faifai ƙwai take yi, kowanne cikin baƙar jaka mai ƙaho huɗu, ya yi watanni kafin ya ƙyanƙyashe. Bara ta saka su a fili, dodon koɗi ya huda jakunkunan ya shanye su tas. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Bana ta rantse sai ta kai su lungun dutse, inda dangin guringuntsi, wato kifayen da ba su da ƙaya a jiki, suke renon 'ya'yansu. Mai tsaron bakin lungun kuwa, Kunamar Teku ce.

"Ina zuwa haka, Faifai?"

"Gidanmu, Yaya."

"Wa ce yayarki? Mu haihuwa muke yi, ba ƙwai ba kamar kunkuru. Je ki nemi danginki cikin masu ƙaya."

Faifai ta roƙe ta ta taɓa jikinta, ta ji in akwai ƙaya ko ɗaya. Ta kife ta nuna mata ƙofofin numfashinta, biyar nan biyar can, irin na Kunama sak. Ina! Kunama ta kau da kai. Sai Faifai ta kwanta nan bakin lungun, ta rufa da yashi, idanu kaɗai a waje, ta ce ba inda za ta.

Kwana uku tana nan, ga yunwa ga ƙwai ya matsa mata, har ɗaya ya fito. Ran nan Baba Zarto, tsohon kifin shak mai haƙora kamar zarto, wanda shi ne babba a dangin, ya biyo ta wurin, ya tambayi abin da ya haɗa su.

Kunama ta yi caraf ta ce, "Baba, wanda ba shi da tsinke, kuma a jaka aka saka shi, ba namu ba ne."

Tsoho ya daɗe yana duban ƙwan da ke kan yashi.

"To, 'yar nan, har da ni kin kora. Ba ni da tsinke, kuma a jaka irin wannan uwata ta ajiye ni."

Kunya ta kama Kunama. Maimakon ta ba da haƙuri, sai ta kai wa ƙwan duka don haushi. Faifai ta yi wuf ta ture shi gefe, tsinke ya daki dutse, ya karye ƙaras. Nan take Baba Zarto ya karɓe tsaron daga hannun Kunama, ya ce tunda da bakinta ta ce marar tsinke ba dangi ba ne, ta zauna a waje har wani ya tsiro mata.

Faifai ta tura ƙwanta ciki da hanci, ta saka sauran kusa da shi. Sai a lokacin ta fita neman abinci.

Darasin wannan labari shi ne, kada ɗan abin da ka fi ɗan'uwanka da shi ya sa ka tsame shi daga dangi, don da ma'aunin da ka auna masa za a auna maka. Mai gaskiya kuwa ya dage, ko an rufe masa ƙofa.