Ruwan Galura

An yi wani mutum a Kamaru, zamanin Shugaba Ahidjo, mai wankin miki a wani ɗan asibitin ƙauye wajen Tcholliré. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna raye.

Duk damina jirgin ruwa yana kawo magani Garwa, a aiko masa da rabonsa: wani garin magani ne, in an jiƙa shi sai ruwan ya koma shunayya, ya kashe ruɓar miki. Mutanen ƙauye kuwa launin suka sani. In sun ga shunayya, hankalinsu ya kwanta.

Sai Shaiɗan ya raɗa masa. Ya riƙa sayar da garin ga fatake, yana cika kwalabe da ruwan rafi da galurar rini. Wani manomin auduga, Émile, ya zo da saran fartanya. Aka wanke masa da galura, yana ta godiya. Ƙafar ta ruɓe, aka yanke. Mutumin nan ko a jikinsa!

Ya 'yan uwa, kuna tsammani Allah yana barci?

Wata damina, hanyar Garwa ta yanke, ba damar zuwa babban asibiti, ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa. Wurin ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Matarsa Halime, baiwar Allah, ta ɗauko kwalba daga asibitin. Maƙwabta sun cika ɗakin, har da Émile da sandarsa, ya zo dubiya.

Ta ce, "Malam, miƙo ƙafar. Maganinka ne, ai ba ya ƙarya."

Ya dubi kwalbar, ya dubi Émile. Kalma ɗaya ce za ta cece shi, ya ce a nemo na gaskiya wurin fatake. Kunya ta kama harshensa. Ya miƙa ƙafar.

Daga nan ya shiga mafarki ido biyu. Ya ce yana ganin kogin Binuwai ya rine shunayya, jirage suna wucewa ba ƙara, mutane suna tsallakawa da ƙafa ɗaiɗai suna yi masa godiya. Halime tana kuka, tana ƙara zuba masa. Wallahi ita nake tausayi. Har ya cika ba ta daina ba.

Jama'a, wannan ya ci amana, sannan ya fi tsoron idon mutane a kan tsoron Allah. Kai da aka damƙa wa lafiyar mutane, me ke cikin kwalbarka?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu bakin tuba tun harshe yana motsi. Amin.