Kyautar da Duna Ya Kai Ƙofar Maigida

To ga ta nan, ga ta nanku, masu maiƙon miya a baki.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Ku matso. Kai Sallau, janye ƙafarka daga kan zanena, ba tabarma ba ne.

Wani manomi ne wai shi Ɗantani. Ran nan da damina yana dawowa daga gona sai ya ji kuka a cikin kwari, wai-wai-wai. Ya leƙa, sai ga ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, ruwa ya yi masa dukan tsiya, yana ta karkarwa, ba uwa ba ɗan'uwa. Tausayi ya kama Ɗantani, ya sa shi cikin malfarsa ya kawo gida.

Matarsa Lantana ta ce, "Malam, kare kuma? A gidan da ake salla, ga jariri a hannu?"

Ya ce, "A zaure zai zauna. In ya girma ya yi mana gadin awaki."

Ta turo baki gaba. Amma ku ji mace, ita ce dai ta shimfiɗa masa tsumma a fasasshiyar tukunya, ita ce ta zuba masa kunu a kasko, ita ce ma ta raɗa masa suna Duna. Duna ya sha ya ƙoshi, ya ji ɗumi, ya ce a ransa, "Wayyo, mutanen nan sun ceci raina. Ni da me zan saka musu?"

To ashe akwai wanda zuwan Duna bai yi wa daɗi ba. Gizo! Da can ƙanzon tukunyar Lantana a juji ake zubarwa, Gizo ya kwashe ya kai wa matarsa Ƙoƙi. Yanzu kuwa ƙanzo ya koma kaskon Duna. Gizo ya kwana biyu cikinsa na ƙugi, sai ya lallaɓo zaure da tsamin bakin nan nasa.

"Shannu, baƙo, shannu. Na ga kamar kana da damuwa."

Duna ya ce, "So nake in gode wa masu gida, ba ni da komai."

Gizo ya ce, "Ba ka da komai? Kai da ke da ciki? Dubi akuya can. In ta yi kashi, maigida da kansa yake sharewa, ya tara a buhu, ya kai gona yana murna. Ka kai masa naka har ƙofar ɗaki, ka hutar da shi tafiya."

Duna ya ji magana ta yi ma'ana. Da sassafe ya je ƙofar ɗakin Ɗantani ya ajiye kyautarsa, ya koma gefe yana kaɗa wutsiya. Ɗantani ya fito zai yi alwala, sai caɓal! Ya yi salati, ya zaro tsumagiya ya tsula wa Duna.

Ke Talatuwa, dariya kike? Ba ke kika taka ba shi ya sa.

Gizo ya dawo. "Ashsha, wurin ne bai yi ba. Dubi kaza. A gindin turmi take nata, uwargida kuma ta watsa mata tsaba. Can za ka kai."

Duna ya je gindin turmi, dab da inda Lantana ta shanya gero, ya ajiye. Lantana ta ƙwalla ihu, ta bi shi da muciya har zaure.

Gizo ya sake dawowa. "Kai, mun yi kuskure, ashe ba da dabbobi za ka yi koyi ba. Kai ɗan gida ne. Dubi jariri. Jiya a kan tabarma ya yi nasa, uwarsa ta ce madalla, ciki ya saki, har rawa ta yi masa. To me kake jira?"

Wannan karon kam abin ya ɓaci, don a kan tabarmar jariri Duna ya ajiye kyautarsa. Lantana ta fito daga madafa ta tarar jaririnta ya rarrafo yana miƙa hannu, saura ƙiris. Ta sure ɗanta. Ba ta ɗauki muciya ba, ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Malam, ko ni ko karen nan. Yau ɗin nan."

Ɗantani bai yi musu ba, don ta fi shi gaskiya. Ya saɓi Duna a kafaɗa ya nufi daji, zuciyarsa ba daɗi. Kwikwiyo kamar wannan in an yar da shi, ai kura ba za ta bari ya ga safiya ba.

Sun yi nisa, sai Duna ya ce, "Baba, na san ba da ni za ka koma ba. Ban ji haushi ba, don ba don kai ba da tuni na mutu a kwari. Abu ɗaya kawai nake so ka faɗa mini. A cikin kyaututtukan nan nawa, me ya sa ko ɗaya ba ta yi muku ba?"

Ɗantani ya tsaya cak. "Waɗanne kyaututtuka?"

Duna ya kwashe labari ya faɗa masa, na akuya, na kaza, na jariri. Ɗantani ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ya ce, "Yanzu duk gidan nan ba wanda ya nuna maka inda za ka riƙa zuwa?"

Duna ya ce, "Gizo kaɗai ke yi mini magana. Ku kuwa dukana kawai kuke yi."

Kunya ta lulluɓe Ɗantani. Ya juyo gida, ya durƙusa wa Lantana, namiji guda, ya ce, "Laifinmu ne, ni da ke. Mun yi ta dukansa, ba mu taɓa nuna masa ba. Ki ba ni zuwa girbi. In bai gyaru ba, da hannuna zan mai da shi."

Ta ce, "Zuwa girbi. Amma kada ya ƙara taka tsakar gida sai na ce."

Daga ranar, Duna na tashi daga barci Ɗantani zai ɗauke shi ya zagaya bayan danga, gindin wata tumfafiya, ya ce, "A nan, Duna." Yana gama cin abinci, "A nan, Duna." Rana ta yi sanyi, "A nan, Duna." Wani lokaci ya yi ta tsayuwa, sauro na cizonsa, Duna na bin fara da gudu. In ya yi a wurin, Ɗantani ya shafa kansa ya ba shi ɗan ƙashi. Kada ku ce bai ƙara kuskure ba, ya yi, yaro ne. Amma ba duka. Lantana takan goge wurin da toka tas, don kada wari ya sake kiransa.

Dawa ba ta ma fitar da kai ba, wata safiya Lantana na shara sai ta ga Duna ya tashi, ya yi miƙa, ya fita shi kaɗai ya zagaya bayan danga. Ta yar da tsintsiya ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Gizo fa? Hmm. Ashe raminsa a gindin tumfafiyar nan yake. Kullum safe da yamma sai Duna ya kawo masa kyauta har ƙofa. Ƙoƙi ta toshe hanci ta ce, "Kai ka koya masa kyauta, sai ka zauna ka karɓa." Ta ɗaure kayanta. Gizo ya bi ta a guje, suka haye can ƙuryar rufin ɗaki, inda kuke ganinsu har yau.

Ranar da aka shigo da dawa gida, Lantana da kanta ta kira Duna tsakar gida ta ajiye masa kasko. Kafin ya sa baki, ya dubi Ɗantani ya ce, "Baba, na gode da ka tsamo ni daga kwari. Amma na fi gode maka da ka juyo da ni daga hanyar daji."

To kun ji. Kada ka doki wanda ba ka nuna wa hanya ba, yaro ne ko baƙo ko dabba. Wanda kuma ya yi haƙuri ya tsaya ya koya maka, ka riƙe alherinsa har ka tsufa. Ni nan sauro nawa ya cije ni a bayan ɗaki ina jiran wani, ba zan faɗi suna ba, Sallau.

Ƙungurus kan kusu, tatsuniya ta koma gidansu. Kowa ya zagaya kafin ya hau mini shimfiɗa.