Manomin da Ya Manta da Sakin Linzami

Akwai wani mutum, manomi ne. Rumbunsa ba ya rasa dawa, amma zuciyarsa ba ta gona, tana wurin dawakai. In yana huɗa ya ji haniniya a hanya, sai ya yar da garma a tsakiyar kunya ya bi. An ce akwai ranar da ya bi wata goɗiya har ƙauye na uku, ya dawo ya tarar ciyawa ta fi shi tsawo. Ban gani da idona ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya ranar Lahadi.

Bayan girbi ya ce wa matarsa, "Rahila, zan tafi wurin Baba Zakka in koyi horar da dawakai. In na ƙware, har mutane zan riƙa koya wa hawa."

Ta ce, "Baban Ladi, jakinmu da ka hora, har yau shi ke zaɓar mana hanya."

"Jaki daban ne."

"To, Allah ya kiyaye ƙugu."

Baba Zakka tsoho ne mai barga a bakin gari. Duk wanda ya sayi duƙushi, wato matashin dokin da ba a taɓa hawa ba, wurinsa yake kaiwa. Ba shi da yawan magana, da hannu yake koyarwa. Manomin ya shekara biyu a wurinsa yana yankan harawa, yana jiƙa dusa da kanwa, yana ɗaura sirdi, yana faɗuwa. Ya sha ƙasa har filin bargar ya san siffar bayansa. Duk da haka kullum da waƙa yake komawa gida, yana ɗingishi, yana ba Rahila labarin dawakai har tuwo ya huce.

Ana nan sai wani mai sayar da hatsi ya kawo baƙin duƙushi, mai zafin kai, mai kyau kamar a sace. Baba Zakka ya kira manomin ya ce, "Gwiwoyina sun gama nasu aikin, ɗana. Wannan naka ne, wata uku. Ranar da mai shi zai zo, in ya tsaya da ka ce tsaya, ya ja da baya da ka nema, barga ta zama taka. In ba haka ba, garmarka tana jiranka."

Manomin bai san lokacin da ya rungume dokin ba. Dokin kuwa ya taka masa ƙafa, don a san juna tun da wuri.

Aiki ya yi kyau. Duƙushi ya karɓi sirdi, ya karɓi linzami, ya koyi tafiya, ya koyi tsayawa. Abu ɗaya ya rage, ja da baya, gama doki ba ya son zuwa inda idonsa ba ya gani. Saura kwana uku wa'adi ya cika, da hantsi, manomin yana bisa ya ja linzami a hankali. Dokin ya motsa kunne, ya ɗaga ƙafa, ya yi taku ɗaya da baya.

Murna ta kama mutumin nan har ya rasa inda zai sa ta. Ya ƙwala wa matarsa kira, ya kira matan da ke dawowa daga rijiya, ya kira wani mai keke da bai ma sani ba. Jama'a suka taru a bakin shinge. Ya ce, "Ku duba, ku duba abin da hannuna ya yi." Ya ja, doki ya ƙara taku. Ya ja, ya ƙara. Mata suna guɗa, shi yana washe baki, hannunsa bai sassauta ba ko sau ɗaya. Doki ya yi ta baya har ya dangana da katanga, babu sauran wurin zuwa, linzami kuwa yana nan a ɗame a bakinsa. Sai ya miƙe a ƙafafun baya, ya aika da malaminsa cikin ƙwaryar jiƙaƙƙiyar dusa.

Rahila ta ce, "Mun duba, Baban Ladi."

Kashegari dokin ya datse haƙora, ya ƙi linzami sam. Ko inuwarsa ya gani sai ya juya kai. Manomin ya je wurin tsoho ya ce, "Baba, saura kwana biyu. Dokin nan ya lalace."

Baba Zakka ya ɗauko igiyar ragama, ya ɗaura a wuyan hannun almajirinsa, ya ja. Mutumin ya matso taku ɗaya. Tsoho bai saki ba. Ya ƙara matsowa, igiya tana nan a miƙe. Suka zagaya barga.

"Baba, ai na taho."

Suka sake zagayawa.

"Baba, me kuma kake so in yi?"

A zagaye na uku ransa ya ɓaci, ya fizge hannu har tsohon ya yi tangaɗi. Baba Zakka ya zauna a kan kututture yana dariya. "Kai kana da baki, ka tambaye ni sau biyu kafin ka fizge. Shi ba shi da baki, da me zai tambaya? Shekara biyu kana kallon hannuna lokacin da nake ja, ba ka taɓa kallonsa lokacin da nake saki ba. Ja tambaya ce. Da saki doki yake sanin ya amsa daidai. Ya ba ka amsa sau ashirin, sau ashirin ka ce masa ba ita ba ce."

Mutumin ya koma wurin dokin da ragama kawai, babu ƙarfe. Ya taɓa igiya kaɗan. Da dokin ya karkata jiki baya, ko taku bai kai ba, sai ya saki, ya juya, ya bar shi ya ci harawa. Hannunsa yana ƙaiƙayin ƙarawa, sai ya cusa shi a hammata. Da yamma ya sake. Rana ta biyu dokin ya buɗe baki ya karɓi linzami, yana hararsa.

Ranar wa'adi mai hatsi ya zo, rabin gari ya biyo shi, wasu don doki, da yawa don dusa. Manomin ya hau, ya zaga fili, ya ce tsaya, doki ya tsaya. Ya ja linzami da yatsu biyu. Taku ɗaya, biyu, uku, a miƙe kamar an ja zare. Ya saki. Wuri ya kaure da tafi, ana cewa, "Ƙara, ƙara." Zuciyarsa ma ƙara take cewa, da ƙarfi. Amma ya sauko, ya sassauta sirdi, ya shafa wuyan dokin.

Mai hatsi ya ce, "Shi ke nan?"

Baba Zakka ya ce, "Tambayi mai barga, ni baƙo ne a nan."

Nan take mai hatsi ya roƙa a koya masa hawa, ya zama ɗalibi na fari. Daga baya suka yi yawa, maza da mata, har ana layi.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu: linzami shi ne gargaɗi da horo, kuma kowannenmu akwai wanda Ubangiji ya sa linzaminsa a hannunmu. Uwa tana da 'ya'ya, malamin Lahadi yana da aji, dattijon ikkilisiya yana da matasa. Ja kam mun iya. Yarinya ta haddace aya ɗaya, kafin ta rufe baki mun ce saura sura. Saurayi ya daina shan giya ya dawo sujada, tun daga bakin ƙofa muna tambayarsa ina yake ranar sharar coci. Ba mugunta ba ce, sau da yawa murna ce irin ta manomin nan, da son jama'a su ga aikin hannunmu. Amma wanda ya yi daidai bai ji an saki ba, zai ɗauka daidai da kuskure duk ɗaya ne, ranar da ya dangana da katanga kuwa mu ne za mu kwana cikin dusa. Allah da kansa ba haka yake bi da mu ba. Yana horo, yana kuma ba da hutu, yana karɓar ƙaramin taku na mai tuba da farin ciki.

Saboda haka yau in kin koma gida kika tarar ɗanki ya wanke kwano ba a sa shi ba, ki ce masa madalla. Tukunyar da bai wanke ba tana nan, kin gan ta, shi ma ya gan ta. Ki cusa hannu a hammata ki wuce.