Billen Ɗanjummai

A Batsari akwai wani matashi mai gyaran hoto a waya, sunansa Sagiru. Hannunsa na da kyau, sai dai girman kai da gaggawa sun yi masa katutu. Rumfarsa na jikin tawa a bakin kasuwa. Ni aikin nan ba wanda ya koya mani, da ɓatawa da gyarawa na iya, shi ya sa in na ga ana wasa da shi raina ke ɓaci. Na sha gaya masa: kafin ka taɓa hoto, ka ajiye kwafinsa. Ka yanke gefen da ba shi da amfani, ka miƙar da abin da ya karkace, haske kuwa ka ƙara kaɗan-kaɗan, kamar gishiri a miya. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba Uwaisu, wannan ai karatun 'yan koyo ne."

Wata ranar kasuwa aka sauke wata tsohuwa daga babur, Inna Turai daga Tsaskiya. Bayan an gaisa, ta kwance wani ƙyalle ta fito da hoton mijinta, marigayi Ɗanjummai. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Ya koɗe, ruwan ɗaki ya taɓa shi, ba ka ganin komai sai inuwar mutum da hula.

Ta ce, "Ɗana, idona ya fara tafiya. So nake in ƙara ganin shi tun ina gani, jikokina ma su san fuskar kakansu."

Sagiru ya kai hoton inuwa, ya ɗauke shi da waya. Ya yanke gefen da ruwa ya ci. Ya ɗaga haske. Sannan ya ja abin da ke raba fari da baƙi, a hankali.

Jama'a, na daɗe a sana'ar nan, amma ban taɓa ganin irin abin da na gani ranar ba. Mutumin nan ya rinƙa fitowa daga cikin dusu-dusu kamar mai tahowa daga gona da asuba. Hula ta fito, goshi ya fito, sai idanu. Can sai ga bille ya gitta a kumatunsa, ga 'yan baka a gefen leɓe. Mai rake ya ajiye wuƙarsa ya leƙo. Wani ya ce, "Ikon Allah!" Inna Turai ta kai yatsa ta shafa billen a jikin gilashin waya.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Sannu, Maigida."

Na ce, "Sagiru, tsaya nan. Aiki ya ƙare. Buga mata."

Ya ce, "Haba Baba! In fitar da hoto duk ƙarce-ƙarce da sunana a kai? Inna, je ki, kasuwa mai zuwa ki dawo ki ga aiki."

Bayan ta tafi ya ce zai wanke takardar hoton da ta bari ya sake ɗauka fes. Kafin in buɗe baki ya goga mata jiƙaƙƙen tsumma. Fuskar ta biyo tsumman kamar dauɗa. Na daka masa tsawa har mai shayi ya waiwayo. Ya ce, "Mene ne abin faɗa? Ai yana cikin waya."

Ya zauna kan na wayar. Da ma zai zuƙo hoton ya duba, da ya gane ƙarcen takarda daban, aikin askar wanzami daban. Bai duba ba. Shi yaron gari ne, a zamaninsu an daina tsaga, duk layin da ya gani a fuska tabo ne a wurinsa. Ya sa magogin tabo ya share bille, ya share 'yan baka. Ya sulɓe fatar, ya ƙara mata fari, ya sa bangon furanni a baya. Wayar ta yi ƙorafin ta cika, sai ya goge na asalin, ya bi shi har kwandon shara ya ƙarasa.

Kasuwa ta zagayo. Inna Turai ta zo da jikarta Ramlat, sun sha kwalliya kamar masu tarbar baƙo. Sagiru ya miƙo hoto cikin firam yana washe baki. Tsohuwa ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta sake kusantowa. Yatsanta ya yi ta yawo a kumatun yana neman abin da babu.

Ramlat ta ce, "Kaka, shi ne?"

"Kyakkyawa ne, ɗiyata. Amma ban taɓa auren shi ba." Ta juya ga Sagiru. "Ina wanda na gani rannan? Shi za ka ba ni."

Ya yi ta latse-latse. Ni ma na karɓi wayar na bincika ko'ina. Babu. Ya ce zai zana billen da hannu. Ta ce, "Wanzamin da ya yi shi ya daɗe a ƙasa. Kai ka san ta inda ya faro?"

Ta nemi takardarta. Ya miƙa mata, hula da riga, tsakiya fari fat. Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta naɗe ta cikin ƙyallen nan kamar yadda ta kawo ta, ta kama hannun Ramlat. Ina ji tana ce mata, "Zo mu tafi. A hanya in faɗa maki kamanninsa."

Darasi: duk mai koyon gyaran hoto ya sani, Allah ya ba hannunsa abin al'ajabi, amma amana ce. Ka ajiye na asali kafin ka taɓa komai. Ka gyara kaɗan, ka duba da kyau, ka tambayi mai hoto kafin ka share abin da ba ka sani ba. Gwaninta ba yawan gogewa ba ce, sanin inda za ka tsaya ne. Abin da kake kira tabo, wata da shi take gane mijinta.